Jiragen Tabkin Madarumfa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Akwai baitocin da na hardace ina saurayi, yau in na nemi farkonsu sai ƙarshensu ya zo, akwai kuma jikokin da sai na kira suna uku kafin in dace da na mai shi. Amma wata Talata guda a bakin tabkin garinmu Madarumfa ta ƙi barina, na kuma tabbata ba zan manta da ita ba har ranar da za a sa ni a kushewa. Na sha roƙon Allah ya shafe ta daga zukatan mutane. Ga alama hikimarsa ta hukunta in zauna da ita. Tunda haka ne, gara in ba da labarin da bakina, domin masu ba da shi a madadina sun fara ƙara masa gishiri (na ji wani yana rantsuwa wai har kada ya biyo ni, ni dai ban ga kada ba, abin da na gani ya ishe ni).

Abin ya faru 'yan shekaru kafin Nasara su shigo ƙasar nan, bayan annobar da ta ƙare shanu. Wanda bai ga wannan zamani ba, da wuya ya gane irin sanyin da jikin gari ya yi. Turaku suka zama wayam, nono ya yi wuya, samari suna ta sulalewa zuwa wasu garuruwa neman abin yi. Ayarin fatake da na Buzaye masu gishiri kuwa, sai dai mu ji labarin sun wuce ta gabas da mu sun yada zango a wani wuri, alhali ga ruwa kwance a bayan gidajenmu. Mai garinmu na lokacin dattijo ne mai haƙuri wanda duk muke kira Baba, abin kuma ya dame shi ƙwarai. Ya san in ayari ya saba sauka a gari, mai hatsi zai sayar, mai ciyawa zai sayar, majemi da maƙeri da mai fura kowa zai samu, samari kuma su zauna gida.

Ni a lokacin ban daɗe da dawowa daga gabas ba, inda na yi shekara tara ina neman ilimi. Na dawo da fiƙihu gwargwado, da nahawu, da wani abu da ya fi su duka nauyi a kaina, wato ganin na isa. Na karanci balaga, ilimin ƙawata magana, har ina jin in na ga dama zan yabi tsintsiya ta sunkuyar da kai don kunya.

Wata rana Baba ya kira ni ya ce, "Malam, mutane ba su san da mu ba ne. Ka rubuta mana takarda da Larabci, irin wadda manyan fatake ke girmamawa, ka faɗi abin da Allah ya ba garin nan. In wani madugu ya ratso sai mu ba shi ya kai gaba."

Abin da Allah ya ba garin nan, haka ya ce, na kuma ji shi sarai. To amma a littattafan da na karanta, yabon birni yana da hanyar da ake bi. Ƙasarsa almiski ce, ganuwarsa tsuntsu na gajiya kafin ya ƙetare ta, kasuwarsa ba ta watsewa, malamansa taurari ne, lambunansa dabino da rumman. Ba a kiran wannan ƙarya. Sunansa mubalaga, kuma duk mai ilimi ya san awon da ake ragewa in an karanta. Ni kuwa ban ga dalilin da zai sa a yi wa Misra da Bagadaza wannan ado a hana Madarumfa ba. Na fiƙe alƙalami, na dama tawada mai kyau, na yi kwana bakwai ina gini.

Na sa ganuwar, na sa kasuwar, na sa rumman (wanda a lokacin ban taɓa gani ba, har yau ma sau ɗaya na gan shi a hannun wani alhaji, shi ma ya bushe). Kushewun bayin Allah da ke kewaye da tabki, waɗanda tun kakanninmu ake zuwa ziyararsu, su gaskiya ne, amma na ga ba su da kubbobi, sai na gina musu da alƙalami. Da na iso kan tabkin kansa sai na ce teku ne ƙarami wanda jiragensa ke kai da kawowa safe da yamma. Daga ƙarshe na rufe da cewa mutanen garin duka ma'abota salla ne da karatu, alhali unguwa guda cur ta Anna ce, masu bin addinin kaka da kakanni, su ne kuma suka fi kowa rumbuna. Mahaifiyata ma daga cikinsu ta fito.

Ranar da na fassara takardar ga jama'a a gindin tsamiyar ƙofar Baba, sai da aka yi ta kabbara. Mutane sun ɗauke ta kamar kirari, kowa na jin daɗi. Mutum ɗaya ne ya yi magana, Nomau, ɗan kawuna kuma taubashina, wanda ya gaji sarautar ruwa a wurin ubansa, shi ke shugabantar masunta. Ya ɗaga hannu daga bayan taro ya ce, "Ɗan gwaggo, wanga gari da ka faɗi, ina shi ke? Ka nuna mani hanya in kwashi iyalina mu koma can."

Aka yi dariya, na yi murmushin masu ilimi, irin wanda ake yi wa wanda bai san balaga ba. Na kwafi takardar sau uku, aka ba fatake suka tafi da ita.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, har na manta. Sai ranar wata Litinin da la'asar, bayan an gama yankan gero, tabki ya cika fal, ga wani baƙo ya sauka a ƙofar Baba da raƙuma kaɗan da barorinsa. Balarabe ne mutumin Gadamus, Alhaji Bashir, ya daɗe a Damagaram har Hausa ta zauna a bakinsa. Bayan gaisuwa da shan ruwa ya faɗi abin da ya kawo shi. Shi da abokan cinikinsa suna sayen jemammun fatun awaki su kai arewa, suna neman wuri mai ruwa inda za su kafa majema, ayarinsu kuma ya riƙa yada zango. Ya duba garuruwa biyu, namu ne na uku, daga nan zai yanke shawara. Sai ya buɗe gafakarsa ya zaro wata takarda. Tun daga nesa na gane rubutuna.

"Wa ya rubuta wannan?"

Duk kawunan da ke wurin suka juyo gare ni da alfahari. Baba har da nuna ni da sanda.

"Masha Allah," in ji Alhaji. "To gobe da hantsi, in Allah ya kai mu, Malam zai zaga da ni in ga abin da na karanta."

Na koma gida ina lissafi. Ganuwa ba ta ginuwa a yini ɗaya, rumman ba ya tsirowa kafin safiya. Abu ɗaya na ga zan iya gyarawa, shi ne kuma abin da ya fi komai ba ni kunya a labarin nan, fiye da wanda ake yi mini dariya a kansa. Kafin rana ta faɗi na je gidan Nomau na same shi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, na ce ya gaya wa mutanen unguwarsu su ɗan yi nisa gobe, a kau da tukwanen giya daga bakin hanya, kada baƙo ya ga abin da ya saɓa wa takarda.

Ya ajiye komar ya dube ni. "Wato gobe babu mu a garin."

"Na yini ɗaya ne, Nomau. Don amfanin kowa."

"To, ɗan gwaggo. Kifi dai bai san da baƙo ba, dole in tahi ruwa da asuba. Amma in na hango ku zan shige ciyawa."

Bai tsokane ni ba, bai yi dariya ba. Mutumin da tun muna yara bai taɓa barina in wuce ba tare da ya ja mini magana ba. Na ji wannan a zuciyata, na danne.

Da hantsi na fito cikin babbar rigar Baba ta aro, da sabon rawani ɗan kura mai ƙyallin shuni wanda nake ajiya don Idi. Alhaji Bashir ya fito da takarda a hannu, Baba a gefensa, rabin gari a bayanmu.

Muka fara da ganuwa. Abin da muke da shi kafi ne na itace da ƙaya, mai ƙarfi dai gwargwadon hali, ya kuma sha tsare mu daga mahara, amma mutum mai tsawo in ya yi ɗage zai leƙa ciki. Alhaji ya tsaya ya karanta layin da murya mai daɗi, Larabcina na fita daga bakinsa kamar ba ni na rubuta ba. Ya ɗaga kai. Wata kaza ce zaune a saman kafin tana kallonmu.

"Tsuntsun da ke gajiya ke nan?"

Na ji bakina yana cewa, "Ga shi kuwa, Alhaji, ta tsaya hutawa a sama."

"Haka ne," in ji shi, fuskarsa ko motsi. "Malam ya yi gaskiya."

A kasuwa, da yake ba ranarta ba ce, tsofaffi uku muka tarar a gindin bishiya, ɗaya da daddawa, ɗaya da kuka, ɗaya da busasshen kifi. Ya karanta inda na ce kasuwarmu ba ta watsewa, sannan ya durƙusa gaban mai daddawa ya ce, "Iya, yaushe kuke tashi?"

Ta ce, "Mu tashi mu tahi ina, ɗana? Nan muke kullum."

"Wannan ma ya tabbata," in ji Alhaji. Da ya tambayi rumman na ce ba lokacinsa ba ne. Ya ce abin mamaki, a garinsu yanzu ne lokacinsa, amma ikon Allah da yawa yake.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi tsanani shi ne tambayoyin da yake jefowa a tsakani, waɗanda ba su cikin takarda. In bazara ta yi, ruwan har ina yake janyewa? Ya taɓa ƙafewa? Akwai matsattsaku da ke shiga hancin raƙuma? Wa ke da tsohon gero a rumbu wanda zai iya sayarwa? A garin nan aka haife ni, amma tun ina ƙarami mahaifina ya hana ni bakin ruwa ya ɗora ni a kan allo, daga allo kuma na tafi gabas. Ban san amsar ko ɗaya ba. Kowace ya yi sai in mayar masa da baiti, ko in ce Allah ya sa albarka a cikin abin. A wani wuri ya tsaya gindin bagaruwa ya tsinci 'ya'yanta, ya murje a tafin hannu yana shinshinawa, ni kuwa na yi ta jan sa gaba, don ban taɓa ganin an ambaci bagaruwa a yabon birni ba. (Da ita ake jima. Majema ya zo kafawa. Duk wanda ke bayanmu ya gane haka ban da mai shekara tara a gabas.)

Muka ziyarci kushewun da ke kan hanyarmu, ya yi addu'a da ladabi, bai ce komai a kan kubbobi ba, na gode masa a zuci. Da muka iso bakin tabki sai na ji ya rage murya yana ce wa Baba, "Gari ne mai kyau, ranka ya daɗe, amma ban sami wanda zai gaya mini abin da nake son sani ba, ni kuwa ba na kawo dukiyar mutane a kan abin da ban sani ba. Gobe zan wuce."

Na ga kafaɗun Baba sun sauka. Dattijon nan ya aminta da ni ya ba ni garinsa in faɗa wa duniya.

Alhaji ya sake duba takarda. "Saura abu ɗaya, Malam. Jirage."

Tabkin yana kwance yana sheƙi, fararen tsuntsaye a gefensa, babu abin da ke kai da kawowa a kansa sai agwagin ruwa. A bakin gaɓa kuwa, kusa da wata doguwar ciyawa, ga wani ƙaton gora a ajiye, jiƙe, alamar yanzu mai shi ya fito. Na gane na Nomau ne, ya cika alkawari ya ɓoye. Domin wanda bai sani ba: masuntanmu a lokacin ba su da kwalekwale. Ƙaton gora suke samu mai baki a sama, mutum ya kwanta ruf da ciki a kansa, cikinsa ya toshe bakin, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa, in ya kama kifi ya ɗan ɗaga ya jefa ciki.

Na nuna shi na ce, "Ga ɗaya daga ciki."

"Wannan?"

"Ƙanana ne jiragenmu, amma suna da albarka."

"Mutum na hawansa?"

"Ƙwarai kuwa."

"Malam ya taɓa hawa?"

A nan Allah ya buɗe mini ƙofar tuba, faffaɗa, na dube ta na wuce. Na ce, "Tun ina yaro." Wannan kam ba mubalaga ba ce, babu littafin balagar da zai karɓe ta. Ƙarya ce tsagwaronta, na kuma nemi gafara a kanta sau da yawa.

Ka lura, ɗan'uwa mai karatu, bai ce in hau ba. Ni ne na ga kamar in na nuna masa abu ɗaya tak da ya yi daidai da takarda, wataƙila ya fasa tafiya. Na kuma yi ƙiyasi irin na malamai: in mutumin da bai san alifi ba yana hawan gora kullum, yaya zai gagari wanda ya san hukuncin salla a cikin jirgi, da yadda ake fuskantar alƙibla in jirgin ya juya? Na tuɓe takalma, na tattare rigar Baba, na ja goran zuwa cikin ruwa.

Wani daga cikin taron ya ce, "Malam, kwanciya hwa ake yi bisa shi."

Na san kwanciya ake yi. Amma na karanta cewa kwanciya ruf da ciki abin ƙi ce, balle ga malami, a gaban baƙo, da rawani, ƙafafu na wutsil-wutsil a baya kamar na kwaɗo. Na juyo na ce masa da murya mai nauyi, "Malami ba ya ruf da ciki a gaban jama'a." Na yi bisimilla, na karanta addu'ar shiga jirgi, na haye goran na zauna a kansa daram, kai a miƙe, kamar yadda nake zama a kan buzu in zan ba da karatu. Na sa kara na tunkuɗa.

Gaskiya ta sa in faɗa, kuma ina so a rubuta wannan domin masu ba da labarin suna tsallake shi: na tafi. Na yi numfashi uku cur ina tafiya a kan ruwa a zaune, har na ɗaga hannun dama zan fara wani baiti a kan teku. Ɗaga hannun nan ne ya ƙare ni. Goran ya juya da ni na ga gabas, na ga yamma, na ga Alhaji, na ga sama. Ya zame daga ƙarƙashina ya karkace, bakinsa ya kama ruwa yana ɓul-ɓul-ɓul, tarwaɗun da Nomau ya tara tun asuba suka fito ta jikina, ɗaya har ta shiga hannun riga. Babbar rigar ta kumbura ta rufe mini kai. Na sha ruwa, na shaƙi laka, na tabbata ajali ne.

Na sami kaina ya fito sau ɗaya, na yi kalmar shahada da ƙarfin da aka ce an ji har unguwar Anna. Na sake fitowa na yi wasiyya: "Littattafaina! Kada a raba su!"

Sai na ji wata murya kusa da kunnena, a natse. "Ɗan gwaggo, miƙe tsaye."

"Ina nutsewa!"

"Na gani. Miƙe dai ka nutse a tsaye."

Na miƙe. Ruwan iyakarsa cibiyata.

Da farko babu wanda ya yi motsi. Ina tsaye, laka na zuba daga gemuna, rawanina ya warware ya miƙe a kan ruwa kamar an shanya shi, shuninsa kuma ya zubo ya rine mini fuska da wuya (kwana shida na yi da shuɗin gemu, na kuma yi sallar Juma'a da shi). Sai tsohuwar nan mai daddawa, wadda ashe ta bar kasuwar da ba ta watsewa ta biyo mu, ta ce, "Sannu da sauka, Malam." Shi ke nan. Baba ya cusa hannun riga a baki, kafaɗunsa na rawa. Mata suka riƙa dafa juna. Alhaji Bashir, mai fuskar da tun safe ko motsi ba ta yi ba, ya zauna daɓas a kan yashi yana dariya har hawaye na bin gemunsa.

Nomau yana tsaye gefena da warkinsa na fata, layu a damtse, koma a kafaɗa. Ya ce, "Ka ce in ɓoye, na ɓoye. Amma ba ni iya kallon ɗan gwaggona ya yi shahada a ruwan da awaki ke ƙetarewa. Kifin safiyata kuma duk ka 'yanta su, Allah ya ba ka ladan."

Alhaji ya share ido ya dube shi, ya dubi takarda. "Wannan kuma wane ne? Ban gan shi a nan ba."

Wanda ya tsaya a ruwa da shuɗin gemu a gaban garinsu ba shi da sauran abin da zai tsare. Na ce, "Ɗan kawuna ne, Alhaji, shi ne sarkin ruwan garin nan. Ba ya salla, shi ya sa na bar shi a waje, jiya kuma na roƙe shi ya ɓoye, shi da mutanensa. Duk abin da ka tambaye ni tun safe, shi ya sani. Ni ban sani ba."

Ban taɓa yin magana mara ado irin wannan ba tun da na dawo daga gabas, ita ce kuma ta farko da ta yi amfani.

Alhaji ya kira Nomau suka zauna a kan yashi, ni ina gefe ina matse rigar Baba. Nomau ya nuna masa wani gawo ya ce in bazara ta yi tsanani har can ruwa ke janyewa, a saninsa bai taɓa ƙafewa ƙaf ba, amma ubansa ya ce ya gani sau ɗaya. Ya ce matsattsaku suna nan da yawa ta gefen ciyawa, kada a kai raƙumi can, a shayar ta gefen yashi. Ya ce da damina akwai ƙuda mai cizon dabbobi, ayari ya jira kaka. Bagaruwa, in ji shi, sai dai a gaji da tsinta. Gero kuma akwai na bara a rumbunan unguwarsu, za su sayar, amma ba za su taɓa iri ba ko da wa aka turo. Da Alhaji ya tambayi mahara, na yi ta yi wa Nomau ido, bai kula ni ba, ya ce suna zuwa, bara ma sun zo, ya faɗi ta inda suke ɓullowa da yadda ake jin labarinsu kafin su iso. Duk mummunan abin da ya faɗa, sai in ga Alhaji ya ƙara gyara zama.

Da suka gama Alhaji ya juyo gare ni. "Malam, wai ka zaci na gaskata rumman? A cikin masu irin wannan rubutu na girma. Da na ga teku na ce lalle akwai ruwa, shi ya kawo ni. Sauran na karanta ne don daɗin Larabcin, wallahi kuwa yana da daɗi. Tun a wurin kazar nan nake jira ka yi dariya mu koma maganar gaskiya, ka ƙi."

Wato ashe babu wanda ya buƙaci in shiga ruwa. Na fi jin wannan fiye da lakar.

Da la'asar ɗin ranar aka zaunar da ni a gindin tsamiya, lulluɓe da bargo, aka kawo mini alƙalami da tawada. Alhaji yana son takardar da zai aika wa abokan cinikinsa. Nomau ke faɗa, ni ke rubutawa.

"Rubuta matsattsaku."

"Nomau, ba a sa matsattsaku a wasiƙar da za ta je hannun manya."

"Kai da ka sa jirage? Rubuta."

Na rubuta. Sau biyu na so in ɗan saƙa ado a ƙarshen layi, Alhaji ya ce in karanta masa, ya sa na kankare. Bisimilla da salati da gaisuwa kawai aka bar mini. Ban taɓa rubuta abu mara kyan gani irin wannan ba: ruwa har wurin gawo, ƙuda da damina, bagaruwa da yawa, gero ban da iri, mahara ta kudu.

Da kaka ta zagayo ayari ya sauka a Madarumfa. Aka kafa majema ta gefen yashi, warinta ya hana ni karatu shekaru, ban kuma taɓa yin ƙorafi ba. Ba mu zama Misra ba. Amma wasu daga cikin samarinmu sun dawo, Baba kuma ya ga haka da idonsa kafin Allah ya karɓe shi. Ayarin ya yi ta zuwa har lokacin da zamani ya juya hanyoyi suka sauya.

Sai dai fatake ba fata kaɗai suke ɗauka ba. Labarina ya riga takardun nan biyu isa duk inda suka je. Baƙo ya zo daga wata uwa duniya, ya gama ziyarar kushewun bayin Allah da hawaye a idonsa, sannan ya matso ya rage murya ya ce, "Wai ta ina ne malamin nan ya hau gora?" Sau da yawa ni ake tambaya, ba a san ni ba ne, sai in nuna in wuce. In Nomau aka tambaya kuwa, har bakin ruwa yake kai mutum, ya kwaikwayi zamana, ya kwaikwayi wasiyyata, kowace shekara kuma ruwan yana ƙara raguwa a bakinsa, har ya dawo iyakar gwiwa. Na nemi gafararsa a kan abin da na ce masa ranar Litinin ɗin nan, ya ce ya yafe, amma labarin gora ba ya cikin yafiyar. Har ya bar duniya muna ja-in-ja a kan salla. Al'amarinsa yana wurin Allah, ni dai na san ban taɓa jin ya faɗi abin da ba haka yake ba, in ban da zurfin ruwan nan.

Har yau ina son garinmu, har yau kuma in an ce in yabe shi bakina yana ƙaiƙayi, domin balaga ba ta fita daga jini. Sai dai tun daga ranar na ɗora wa alƙalamina sharaɗi guda wanda ban samu a wurin wani shehi ba: duk abin da zan yaba, sai na fara tambayar kaina, in an ce Malam bisimilla hau, zan iya hawa?